An Ce Albashinta Dala Ne

A makarantun gwamnati na Kaduna ba a tambayar sabon ma'aikaci abin da ya karanta. Tambayar farko ita ce wa ya ɗauke shi aiki, ta biyu nawa ake biyan sa. Ta ukun ba a yin ta a gabansa, sai ya ba da baya: hanyar wa ya biyo? Amsoshin nan su ke yanke masa kujerar da zai zauna a ɗakin malamai, da ko za a sa shi a adashi, da irin gaisuwar da zai riƙa samu da safe, ko doguwa mai haɗe da "ya iyali, ya ƙoƙari, ya jikin Hajiya", ko kuwa a ɗaga masa gira ɗaya a wuce.

Duk wanda ya san makarantun da ke tsakanin Unguwar Mu'azu da Kabala West zuwa Tudun Wada ya san ɗakin malamai hawa-hawa ne. Can sama akwai tsofaffin hannu, waɗanda suka ga gwamnoni sun zo sun tafi, kowa da kujerarsa da ba a zama a kai ko ya tafi aikin Hajji. Sai waɗanda aka ɗauka zamanin Gwamna El-Rufa'i, da har yau ake ce wa "sabbin malamai" ko da furfura ta fara leƙo musu. An yi zamanin 'yan N-Power, tun daga 2016, masu naira 30,000 a wata. Ga 'yan bautar ƙasa da kakinsu. A ƙasan kowa kuma akwai malaman PTA, waɗanda albashinsu ke jiran ranar da iyaye suka ga dama. Duk waɗannan an san inda za a ajiye su, hankali kuwa yakan kwanta in mutum ya san akwai na ƙasa da shi.

Rigima ta taso ne da wata ƙungiya ta kawo wa wata makaranta a Unguwar Mu'azu malamar ba da shawara, a kan kwantiragin shekara guda. Matashiya ce, ta yi karatunta a Zariya, ga fara'a, ga gaisuwa har ƙasa. Kafin mako ya zagayo ɗalibai sun raɗa mata Anti Shawara. Malamai kuwa "'yar kwantiragi" suke cewa, in kuma ranar raha ce, "Bankin Duniya".

Laifinta na farko ofis. Firinsifal ya sa aka kwashe karyayyun kujeru da tsofaffin rajistoci daga wani sito da ɓeraye suka daɗe suna mulki, aka shafa masa farar ƙasa, ƙungiyar ta kawo tebur da kujeru biyu da fanka mai caji. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa yi wa siton nan kallo na biyu. Ranar da aka rataya masa labule, ranar ya zama fada. Wani malami da ya tsufa yana raba tebur ɗaya da mutum uku ya tsaya a bakin ƙofa, ya leƙa, ya daɗe yana duban fankar, sannan ya ce, "Ikon Allah. Wasu daga shigowa sai ofis. To, Allah ya sanya alheri, ƙanwata." Akwai fatan alherin da in aka yi maka, gara ka nemi tsari.

Sai maganar albashi, wanda ba mahalukin da ya taɓa gani. An dai ji a rediyo cewa a 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin AGILE na karatun 'yan mata a jihohi bakwai, ciki har da Kaduna. Anti Shawara ba abin da ya haɗa ta da shirin, ko ƙofar ofishinsu ba ta sani ba. Wannan bai hana malamin lissafi juya bayan wata takardar jarrabawa ya buga dala a naira 1,500 ba. Ya samu biliyan 750. Ya raba gida bakwai, ya sake rabawa da ƙananan hukumomi 23 na jihar, ya yi ta gangarowa har ya sauka a cikin jakar hannunta. Ɗalibansa ba su taɓa ganin ya yi lissafi da irin wannan himma ba. Ranar Litinin albashinta dubu 150 ne. Ranar Laraba ya kai dubu 300. Kafin a tashi Juma'a, malamar Turanci ta rantse cewa maƙwabciyar ƙanwar mijinta ta tabbatar mata irinsu ba a ma biyan su da naira.

Ganin kitse ake yi wa rogo. Abin da ke shiga asusunta bai kai naira 72,000 da Gwamna Uba Sani ya amince da shi a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba, kuma yana zuwa ne a ranar da ya ga dama. Ta taɓa gwada faɗin haka. Aka yi dariya, aka ce masu kuɗi dama haka suke magana.

A wajenmu aiki shi ne abin da ake jiyowa daga nesa. Malami ya yi ihu har murya ta dushe, alli ya ɓata masa gaban riga, ya ɗauki tulin takardun maki ya hau keke da su zuwa gida, wannan ya yi aiki. Ita kuwa sai ta zauna da yaro ɗaya tsawon darasi guda, kuma yawanci yaron ne ma ke magana. "Au, saurare ake biyan ta?" in ji malamin tarihi. "To mu da muke sauraron firinsifal duk ranar taro, wa ya taɓa ba mu ko sisi?"

Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne malamin ladabtarwa, domin gonarsa aka shiga. Ya kai ƙara har ofishin firinsifal. "Ranka ya daɗe, a da yaro ya makara, bulala shida, ya sosa, ya shiga aji, an wuce wurin. Yanzu sai a ba shi kujera, a kunna masa fanka, a tambaye shi abin da ke damun sa. Abin da ke damun sa rashin bulala ne!" Da Anti Shawara ta bayyana cewa yaron da kullum ke makara sai ya kai wa mahaifiyarsa ƙosai bakin titin Baifas ya sayar kafin ya taho, yarinyar da ke barci a aji kuwa aikatau take yi har dare, sai ya ce ai wannan tsohon labari ne, duk unguwar wa bai sani ba? Gaskiya ya faɗa, ya sani. Sanin ne dai bai taɓa rage ko bulala ɗaya daga cikin shidan ba.

Shi ma wani dattijo yana da nasa ƙorafin, kuma nasa ya fi kama hankali. Aikin ba da shawara a makarantun Nijeriya ba yau aka fara shi ba. Tun 1959 wasu sistocin Katolika suka gayyato ma'aikata su yi wa ɗalibansu masu fita bayanin sana'o'i a kwalejin St. Theresa da ke Ibadan, tsarin ilimi na ƙasa na 1977 kuma ya tanadi a samar da masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Yadda muka aiwatar da tanadin shi ne, a duba malamin da ya fi ƙarancin darussa, a manna takarda a ƙofarsa. Dattijon nan shi takardar ta faɗa wa. Sau ɗaya a shekara yakan tara 'yan aji uku ya nuna su da yatsa: "Kai sayans, ke komas, kai kuma Allah ya ba da sa'a." Ya yi wannan hidima kyauta, ba fanka, ba labule. Yau an kawo sa'ar jikarsa ana biyan ta dala. In kai ne fa?

Kada kuma a ce duk hassada ce, akwai tsoro a ciki. A 2017 malaman firamare 21,780 cikin kusan 33,000 aka ce sun faɗi jarrabawar gwaji a jihar nan, aka sallame su, yajin aikin da ƙungiyar malamai ta shiga a farkon 2018 bai mayar da su ba. A 2022 aka sake sallamar 2,357, har da shugaban ƙungiyar malamai na ƙasa. Tun daga nan malamin Kaduna, na firamare ne ko na sakandare, in ya ga baƙo riƙe da littafi da biro sai gabansa ya faɗi. Ga Anti Shawara kuwa kullum da littafi, tana rubutu, tana kulle shi a durowa. Don haka in ta shigo ɗakin malamai hira kan canza hanya a tsakiyar jimla. Mutum yana cikin cewa, "Wallahi wannan gwamnati ta..." sai ya hango ta, ya ƙarasa da "...tana bakin ƙoƙarinta."

Duk da haka da an yafe mata ofis, an yafe dala, an yafe littafi, in da za ta riƙa kawo labari. A nan ta yi babban zunubi. Yarinya ta shiga ofishinta tana kuka, ta fito idanu jawur, malamai mata uku suka bar maki suka bi ta da kallo har ta ɓace. Lokacin tara aka matsa wa Anti Shawara kujera, aka miƙo mata awara, karo na farko tun zuwanta.

"Ƙanwata, wai me ya sami yarinyar nan ne?"

"Ai Anti, sirrinta ne, ba zan iya faɗa ba."

"Sirri? Mu ɗin? Mu da muka koyar da uwarta?"

Aka janye awarar. Mutum ya tara labarin rabin unguwa a cikinsa, wa aka saka, wa za a yi wa auren dole, wane uba ne ya gudu ya bar gida, sannan ya ƙi ɗanɗana wa abokan zama ko kaɗan, ai wannan rowa ta fi ta kuɗi ciwo. Daga ranar zamanta ya koma na amarya a gidan mata uku: in ta yi shiru girman kai ne, in ta yi dariya iyayi ne, in ta yi sabon mayafi an ga inda kuɗin ke tafiya, in ta maimaita na jiya ɓoye arziki take yi.

Hukunci ya biyo baya, a hankali, cikin ladabi. Adashi an cika. Ankon bikin 'yar mataimakin firinsifal ya ƙare kafin a zo kanta. An buɗe sabon zaure a WhatsApp, aka bar ta a tsohon ita da sanarwar taro. Amma takardar gudummawa ba ta taɓa ɓatan hanyar ofishinta ba, ko suna ne ko rasuwa ko rakiyar mai ritaya, kuma in kowa ya ba da dubu ɗaya, ita an riga an rubuta mata biyar. Duk ajin da malaminsa bai zo ba kuwa nata ne: "Malama, tunda ba abin da kike yi, ɗan riƙe mana aji biyu."

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Waɗanda suka danne wa malaman nan ƙarin girma da kuɗin hutu suna can cikin gari a ofisoshi masu sanyi, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin keke zuwa can kaɗai ya isa ya hucar da fushin mutum. Anti Shawara kuwa taku goma ne.

Ga duk wadda za a ɗauka irin wannan aiki, shawarata kyauta ce. Kafin ki shiga ɗakin malamai ki shafa ɗan alli a gefen hijabi. Ki riƙa yawo da bulala ko da ba za ki taɓa kowa da ita ba, ana girmama mai makami. Kada ki kuskura ki buɗe kular abinci mai nama a bainar jama'a, ki tura naman ƙarƙashin shinkafa tun daga gida. Daga 25 ga wata ki fara duba waya kina tsaki tare da kowa, in an tambaye ki ki ce, "Shiru har yanzu," wannan ma ba ƙarya za ki yi ba. Fanka kuwa, ki ce ta lalace, ki riƙa kunna ta bayan kin sa sakata.

Ki kuma bar ƙofa a buɗe bayan an tashi, domin lokacin ne manyan baƙi ke zuwa. Sai makaranta ta watse, mai gadi ya tafi salla, sannan za ki ji ƙwanƙwasa a hankali. Malamin ladabtarwa ne, ya ɓoye bulalarsa a bayan riga. "Malama, dama wani abokina ne ɗansa ya fara shaye-shayen nan. Tun da aka hana kodin a 2018 suka koma wasu ƙwayoyin. Ya yi dukan har ya gaji." Abokin nan, abin mamaki, unguwarsu ɗaya, 'ya'yansu bakwai-bakwai, kuma in ana maganarsa idon malam ne ke kawo ruwa. Washegari malamar Turanci ce, ita kuma wata ƙawarta ce miji zai yi wa kishiya. Malamin lissafi ya zo da batun wani ɗan'uwansa da bashin manhajar waya ya hana barci, ya kuma tambaya, tunda an riga an zauna, ko akwai rancen dubu ashirin zuwa ƙarshen wata. Da safe dukansu za su wuce ki a bakin asambuli su ɗaga gira ɗaya.

Shekara ta cika, kwantiragi ya ƙare, ba fansho, ba garatuti, da bashin wata biyu da ƙungiyar ta ce yana hanya. An yi mata walimar ban-kwana da lemo da cincin, daga gudummawar da ita ta fi kowa bayarwa. Malamin tarihi ya yi jawabi ya ce makarantar ba ta taɓa samun mutuniyar kirki irinta ba, malamar Turanci ta yi kuka har da shessheƙa, aka yi addu'a Allah ya kai ta inda ya fi nan, ko da yake wasu sun riga sun ji labarin Abuja za a mayar da ita, a ba ta mota.

Ko Baifas ba ta kai ba aka fara jayayya kan ofishin. Dattijo ya ce gadonsa ne, malamin ladabtarwa ya ce nan ya dace a riƙa tsare masu laifi, mataimakin firinsifal ya ce ofis dai ku raba, amma fanka kayan hukuma ce. An kafa kwamitin mutum biyar. Sun zauna sau biyu, a cikin ofishin, fanka na kaɗawa, kuma sun nemi a ƙara musu wa'adi.