Gaskit ɗin salansa da ilimin direban Abare

Gaskit, wato siririn faifan da ake matsewa tsakanin kan inji da bakin bututun salansa domin hana hayaƙi tsiyaya, yakan ƙone a manyan motocin da ke jigilar hatsi daga Abare zuwa Anka da Gummi, inda gargadar hanya ke kwance noti ba tare da sifana ba. Alamarsa ita ce ƙarar "tas-tas" da sassafe da baƙar toka a gefen inji, kuma da yake ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗauki zafi har ƙarar ta lafa, direba yakan yanke hukuncin cewa motar ta warke da kanta. Masana gefen titi sun kasu biyu: masu yanko gwangwanin madara su cusa, da masu shafa gam, wanda wuta ke cinyewa kafin a kai Bukkuyum. Bakanike kuwa jira yake inji ya huce, ya kankare fuskar ƙarfen tas, ya sa sabon gaskit, ya ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, sannan ya faɗi kuɗinsa, wanda shi ne sashen aikin da mai mota ya fi jin ƙararsa.