Masu Taruwa A Kan Kibod Idan Ya Ƙi Aiki

Babu abin da ke tara jama'a a ofis ko a ɗakin kwamfuta na makaranta kamar kibod da ya ƙi aiki a kan Linux. Da a Windows ne, sai a ce na'ura ta lalace, a kai wa mai gyara, magana ta ƙare. Ita kuwa Linux, tun da Linus Torvalds ya sake ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, da alkawari ta zo cewa kowa na iya buɗe cikinta ya gani, ya kuma gyara. Mutanenmu suka watsar da batun gani, suka riƙe batun gyara. Shi ya sa da ka ce "kibod ɗina ya tsaya", kafin ka rufe baki an kewaye ka, kowa da maganinsa, kuma maganin halin mai shi yake bi, ba ciwon na'urar ba.

Mai duka ne ke fara isowa. Ba ya tambaya. Zai danna maɓallin da ya ƙi da yatsa ɗaya, sannan da biyu, daga nan ya kife laftof ɗin ya bubbuga bayansa, ya hura masa iska da baki har da yawu. Kada dai a raina shi gaba ɗaya. Da hunturu ƙurar da ke shiga ƙarƙashin maɓallai ba kaɗan ba ce, ga ɓawon gyaɗa, ga burbushin biredi, ga kiyashin da ya biyo zaƙin shayin da ya zube. Ya taɓa dacewa wata rana, kuma albarkacin wannan ranar yake ci har yau.

A bayansa akwai mai fomatin, da filas rataye a wuyansa kamar laya. Ko harafi ɗaya ne ya ƙi fita, hukuncinsa guda: "Oga, sai an goge an ɗora sabuwa." Zai shafe awa biyu yana ɗora Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, a wurin zaɓen tsarin kibod ya danna gaba bai karanta ba, yadda ya yi a karon farko, sai matsalar ta dawo daram. Abin da ba ya dawowa shi ne kundin digirinka da hotunan bikin ƙanwarka. Idan ka tambaye shi, zai dube ka da mamaki ya ce, "Au, ba ka kwashe ba?"

Wanda ya fi su haɗari shi ne ɗan kwafe-da-liƙe, don shi kamannin sani gare shi. Zai ja kujera, ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya shiga intanet a waya, duk layin da ya gani ya fara da sudo sai ya kwafo ya zuba. Bai san cewa sudo na nufin ka ba umarnin iko a kan komai na cikin na'urar ba. Shi dai ya lura in an sa shi kwamfuta ba ta gardama. Ba ya duba shekarar da aka rubuta shawarar. Zai ɗauko maganin 2009 ya ɗura wa na'urar bana. Ga misalin da ake gani kullum: umarnin setxkbmap, wanda ke sauya tsarin haruffa, an yi shi ne don tsohon tsarin nuni mai suna X11, wanda ke nan tun 1987. Amma tun 2021 Ubuntu ta koma sabon tsari mai suna Wayland a yawancin na'urori, kuma a can umarnin ba ya sauya tsarin kibod na tebur. Mutuminmu zai buga shi, ba abin da ya motsa, ya sake bugawa da sudo a gaba, ya sake da ƙarfin yatsa. Daga nan sai ya wuce fayil ɗin GRUB, mai tayar da kwamfuta, ya cusa i8042.reset da i8042.nomux. Waɗannan magani ne na gaskiya, amma na wani ciwo daban: kibod ɗin laftof da ke mutuwa bayan na'ura ta yi barci ta farka. Kai kuwa naka ciwon alamar @ ce ta koma wani wuri. Da yamma ta yi, ciwo ɗaya ya zama huɗu, shi kuma ba ya iya tuna abin da ya taɓa, don bai rubuta ko ɗaya ba. Sai ya miƙe ya ce bari ya yi sallar la'asar ya dawo. A masallacin wata unguwa yake yin ta.

Shi mai wa'azi ko kibod ɗin ba zai taɓa ba. Tambayarsa ta farko, "Wacce Linux kake amfani da ita?" Ka ce Ubuntu, ya girgiza kai cikin tausayi. In ɗan Debian ne, zai tuna maka cewa tasu tun 1993 take, kuma daga cikinta Ubuntu ta fito a 2004. In ɗan Mint ne, zai ce da ka bi tasu da yanzu kana shan iska. In kuwa Allah ya haɗa ka da ɗan Arch, ba sai ka tambaya ba, shi zai faɗa maka tun kafin ku gama gaisawa. Ka roƙi aron tasa na'urar ka tura saƙo ɗaya, nan za ka gane kurenka: ya mayar da Caps Lock ya zama Ctrl, ya sauya haruffa zuwa tsarin Dvorak na 1936 don an ce ya fi sauri, maɓallan kuma babu rubutu a kansu. Shi kansa sai ya yi minti guda kafin ya rubuta sunansa, amma a ganinsa kai ne a ɓace.

To amma a yi adalci, ba mataimaka kaɗai ke da hali ba. Masu na'urar ma iri-iri ne, kuma sarkinsu shi ne Malam Ban-Taɓa-Komai-Ba. Zai rantse haka kawai abin ya faru, yana zaune. Sai an yi ta jan sa da hira sannan zai tuna cewa autansa ya ɗan yi wasa da ita jiya da dare, cewa kofin shayi ya ɗan karkata amma "kaɗan ne, na goge", cewa wani abokinsa ya ƙara masa Larabci don rubuta darasi. A GNOME, wato teburin da Ubuntu ke zuwa da shi, danna maɓallin Super, mai hoton taga, tare da dogon maɓallin tazara yana juya ka daga wannan harshe zuwa wancan. Gwiwar hannu ma tana iya yi. Ga alamar harshen can a saman allo tana kallonsa, shi kuma yana kallon rufin ɗaki yana salati.

Akwai kuma mai zargi. Shi komai aikin 'yan kutse ne, in ba su ba to hassadar abokan aiki, in ba ita ba to sai a nemo mai ruƙiyya. Ya rubuta malam, allo ya nuna masa 0a3a0. Ya rubuta kano, ya ga 2an6. Nan take ya cire batir, ya kira ɗan'uwansa a waya cewa an shiga asusunsa na banki. Alhali Num Lock ne ya kunnu, kuma a tsofaffin laftof marasa gefen lambobi, haruffan J, K, L su ne 1, 2, 3, su U, I, O kuma 4, 5, 6, M ya zama sifili. In ya kifa hannu a kan Shift ya yi daƙiƙa takwas yana tunani, a na'urar da aka kunna gajerun hanyoyin taimakon naƙasassu, sai tsarin jinkirta maɓallai ya tashi, harafi ba zai fita ba sai an riƙe shi. Ya ce ai ga shi, suna karanta rubutun ne kafin su sake shi. In ya danna Ctrl da S a baƙin allo don ya adana aiki yadda ya saba, allon ya daskare, bai san Ctrl da Q ke sake shi ba. Babban tashin hankalinsa kuwa ranar da sudo ya nemi kalmar sirri: yana bugawa, ko ɗigo bai fito ba. Da gangan aka yi haka, don na bayanka kada ya ƙirga tsawonta. Ka yi masa wannan bayani, zai saurare ka da kyau, sannan ya fara zarginka.

Wanda nake tausaya wa da gaske shi ne mai gwanjo, don shi ba laifinsa ba ne. Laftof ɗin hannu da ke cika kasuwanninmu daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, kowanne da tsarin haruffan ƙasarsa. Na Ingila da na Amurka sun yi kama, sai ka zo rubuta adireshin imel ka tarar @ da alamar zance sun yi musayar gida. Na Jamus ya musanya Y da Z, sai mutumin Zariya ya wayi gari a Yariza. Na Faransa da Beljiyam kuwa, wanda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka saba da shi, A yana inda muka san Q, Z yana inda muka san W, M ya yi ƙaura gefe, lambobi ma sai da Shift. Hausa kuwa kusan kowace kalma da A a cikinta. In na'urar tana zaton kibod ɗin na Amurka ne, ka bi rubutun da ke kan maɓallai ka buga sannu da zuwa, abin da zai fito shi ne sqnnu dq wuzq. Mafi ciwo, in an sa kalmar sirri da wani tsari, allon shiga kuma yana kan wani: mutum na buga kalmarsa daidai, na'urarsa na ce masa ƙarya yake. Gyaran bai kai minti biyu ba. A shiga saiti a zaɓi tsarin da ya dace da abin da ke rubuce a kan maɓallai, ko a dangin Debian a buga sudo dpkg-reconfigure keyboard-configuration a amsa tambayoyin a natse. Sai dai kafin mai wannan sanin ya iso, mai fomatin ya riga shi.

Ina da rauni a kan mai kishin ƙugiya, don ni ma ƙungiyarmu ɗaya. Shi kibod ɗinsa lafiya lau, damuwarsa ɓ da ɗ da ƙ, haruffan da ke cikin rubutun boko tun shekarun 1930 amma har yau ba a cika buga su a kan maɓalli ba. Ya kasu uku. Akwai mai tsohon fayil guda da ya ajiye haruffan a ciki, duk sanda ya zo kan ƙ sai ya je ya kwafo ya dawo, wasiƙa ɗaya ta cinye masa safiya. Akwai mahaddaci, wanda ya san in ka danna Ctrl da Shift da U, ka buga 199, ƙ za ta fito, 257 ɗ, 253 ɓ, 1b4 kuma ƴ ta mutanen Nijar. Yana rubutu yana motsa leɓe, ka ce wuridi yake. Na ukun ya gano cewa Linux na zuwa da tsarin Hausa na Najeriya da na Gana a cikin jerinta, ko ya naɗa maɓalli guda ya zama na haɗa haruffa, ya rubuta ƙa'idojinsa a fayil ɗin .XCompose. Wannan ya huta, amma bai bar kowa ya huta ba. Ka tura masa saƙon ta'aziyya, zai dawo maka da shi ya sa wa kowace ƙ ƙugiyarta. Ranar baƙin cikinsa ita ce ranar da ya kai takarda wurin bugawa, aka buɗe ta da salon rubutun da ba shi da haruffan, duk inda ya sha wahala ya koma ɗan akwati.

In muka koma kan mataimaka, mai ɓoye asiri ba ya buƙatar dogon bayani. Zai karkatar da allon, ya danna abu biyu, ya ce "ya yi". Me ka yi? "Ai ɗan wani abu ne." Sati mai zuwa za ka sake nemansa, shi ma abin da yake so ke nan.

Can ƙarshe, bayan kowa ya gaji, sai a tuna da wata baiwar Allah da ke zaune a lungu tun safe ba ta ce uffan ba. Ba ta zuwa da filas ɗin gogewa, tambaya take zuwa da ita. "Yaya, duka maɓallan ne ko wasu? Ba sa fita ne sam, ko wani harafin ke fita? Mene ne na ƙarshe da ka yi kafin ya fara?" Sai ta jona kibod na waje. In shi ya yi aiki na jikin bai yi ba, zargi ya koma kan na jikin. Ta sake kunna na'urar ta shiga BIOS, inda Linux ba ta ma tashi ba tukuna; in maɓallan kibiya sun mutu a can, ba ruwan Ubuntu, sai a nufi mai gyara ya duba igiyar kibod ko ya sauya shi. In suna aiki a can, ta tayar da Linux daga filas ba tare da ta ɗora ba, ko ta buɗe sabon asusu ta gwada, ta gane ko saitin mai na'urar ne ya karkace. In ta buƙaci ganin abin da maɓalli ke aikawa, ta buɗe evtest ta danna tana kallo. Abu ɗaya take sauyawa a lokaci guda, kuma tana rubuta shi a takarda. In mara waya ne, batir take fara dubawa, abin da mutum bakwai suka tsallake. Minti goma ta gama, ta kuma nuna maka yadda za ka yi da kanka gobe. Ba wanda ke kiranta injiniya. Wannan sunan na ɗan kwafe-da-liƙe ne, shi da aka ga rubutu na gudu a allonsa.

Mai karatu, ran da naka ya ƙi, ita za ka fara nema. In ba ta nan, kwashe fayilolinka tukuna kafin ka bar kowa ya zauna a kujerarka.