Ba a ɗauka, ba ya ɗaukuwa

Mu nan Lugu mun saba da baƙi masu neman labari. Da can littafi da alƙalami suke zuwa da su, daga baya aka koma rakoda da kaset. Yanzu kuwa ƴaƴanmu ne da kansu, masu dawowa daga Dogondutsi ko Yamai, da tsoho ya buɗe baki sai ka ga an zaro salula. Shi ya sa hirarmu ta dandali kan dawo kan maganganu biyu da baƙo ke zaton duk ɗaya ne.

In dattijo ya ce maka, "Ɗana, wannan ba a ɗauka," to wayarka lafiyarta lau, hani ne ya yi maka. Maganar tana da masu ita, tana da ranarta da wurinta, kuma ka ji ta ne don an yarda da kai. Icen magani da yadda ake haɗa shi, ko damuwar da mutum ya kai gaban Tunguma, dutsen nan da ake kai wa ƙara, duk asiri ne ko amanar wani. Sai ka kashe waya, ka sa aljihu, ka kasa kunne.

In kuwa cewa ya yi "ba ya ɗaukuwa," babu wanda ya riƙe hannunka. Dubi tarkama, ranar da ake dakon gawar Sarauniya har ta nuna wadda za ta gaje ta. Hoto zai nuna maza da kaya bisa kai, shi ke nan. Abin da ke jan ƙafafunsu, da faɗuwar gaban matan da ke tsaye, wace na'ura za ta kama?

Abin da ke mana ciwo shi ne masu ganin duk abin da ba a rubuta ba bai faru ba. A watan Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa garin nan, Sarauniya Mangu ta tare ta da maharbanta, amma a takardun Faransawa ƴan layuka kawai ta samu. Sai a 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa a kanta, ƙagaggen labari ne da ya zuba nasa gishirin a ciki. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, a Burkina Faso ma aka ɗauke shi, ya ci babbar kyautar Fespaco a 1987. Mun ji daɗi, sunanmu ya fita duniya. Sai dai yau wani yaron namu ya fi sanin Sarauniyar fim da wadda kakarsa ke ba shi labari.

Kuma ga tarin abin da ake ɗauka, yana ɗaukuwa, mun bar shi: kirari, labarin shekarun yunwa, wane ya gina wace rijiya, wa ya zo daga ina. Tsofaffin da suka san su suna ƙarewa. Samari, ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku ce, "Kaka, in ɗauka?" In an ba ku, ku adana da kyau. In an hana, ku riƙe a ka.