Nasiha ga Mai Koyon Haɗiye Wasulan Faransanci

Ya kai ɗalibi mai neman lugar Faransawa, ka sani, Allah Ya yi maka jagora, cewa tarbiyyar da malamin allo ya yi maka ta ba kowane harafi hakkinsa, tun daga inda yake fita har zuwa wasalin da ke kansa, ita ce za ta fara tona maka asiri ran da ka sauka birnin da suke rubutawa Paris, su kuwa kira shi Pari. Asalin mas'alar ba baƙo ba ne gare ka, domin ka san alifin da ke bin wawun jam'i a Larabci, wanda ake rubutawa ba a karantawa. Sai dai abin da Larabawa suka yi da ƙa'ida da taƙaitawa, Faransawa sun mai da shi sana'a. Ruwan sha ma, da ba a yi wa kowa rowarsa, sun tara masa wasula uku, eau, sa'an nan suka bar su duka suka ce "o", wanda ko cikin ukun babu shi.

Babban abin da za ka yi fama da shi shi ne wasalin e, kuma hukuncinsa yana sauyawa gwargwadon mazauninsa. In ya zo ƙarshen kalma, kamar a madame, furta shi haramun ne a mazhabar mutanen Paris. Amma kada ka raina shi, don yana yin shiru ne domin maƙwabcinsa ya sami baki, shi ya sa ƙaramin yaro petit ne, ba a jin t, ƙaramar yarinya kuwa petite, ga t nan ta fito sarai. In ya zo tsakiya, furta shi makaruhi ne, sai ka ce "samdi" ga samedi, watau Asabar. Juma'a kuwa, da yake ba ta rasa alfarma ko a bakin Nasara, vendredi tana riƙe da nata e, saboda wani masani, Maurice Grammont, ya bayyana tun 1894 cewa idan jefar da wasalin zai sa baƙaƙe uku su yi karo, to, wajibi ne a bar shi ya raba su.

Sa'ad da ka kai matsayin gwanaye, sai ka bar lissafi ka koma haɗiya, kamar yadda ake yi wa lomar tuwo da miyar kuɓewa, wadda taunarta abin dariya ne. Kalmomi huɗu na je ne sais pas, ma'ana ban sani ba, ka dunƙule su su zama "she pa", ka ɗaga kafaɗa, ka turo leɓe. Wanda ya karanta su ɗaya bayan ɗaya da tartili, nan take za a gane cikin littafi ya koya. Mawaƙa kaɗai aka yi wa rangwame, don baitinsu mai gaɓa 12 ba ya cika sai sun tono wasulan da jama'a ta binne, larura kuwa takan halatta abin da aka hana.

Kada ka sa ran hukuma za ta sauƙaƙa maka. Majalisar lugarsu, wadda Kadinal Richelieu ya kafa a 1635, mai kujeru 40, waɗanda ake yi wa masu su laƙabi da marasa mutuwa, wa'iyazu billahi, ta amince a 1990 a cire i guda daga oignon, albasa ke nan, amma da gyaran ya shiga littattafan makaranta a 2016, sai ƙasa ta ɗauki hayaniya kamar an taɓa gadon marayu.

In harshenka ya ƙi, ka ci gaba da furta kowane e, to, akwai mafita, domin mutanen kudu, na Marseille da Toulouse, suna furta shi ba su jin kunyar kowa. Duk wanda ya gyara maka, ka dube shi da natsuwa ka ce a Marseille ka yi karatu.