Kowa da Wotamak Ɗinsa

A cikin Word akwai wani ɗan maɓalli da bai kamata a ce ya taɓa haɗa kowa faɗa ba. Daga fitowar 2013 zuwa yau yana maƙale ne a ƙarƙashin Design, can gefen dama. A na 2007 da na 2010 kuwa sai ka bi ta Page Layout. Aikinsa bai wuce ya shimfiɗa wata kalma ko wani hoto dishi-dishi a bayan rubutu ba, launin toka, a karkace, yadda ido zai gani amma karatu ba zai tsaya ba. 'Yan shagon buga takardu suna ce masa wotamak. Waɗanda suka ƙirƙiro shi raɗa kawai suka so ya riƙa yi. To amma abu in ya shiga hannun ɗan Adam, halin mai shi yake ɗauka. Ka samu benci a kowane shagon kwamfuta na bakin jami'a ko na bakin sakatariya ka zauna, kafin azahar za ka ga masu shi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fi kowa sammako shi ne Sarkin Sirri. Yawanci sakatare ne, na ofis ko na ƙungiyar unguwa, kuma tun ran da ya gano CONFIDENTIAL a jerin kalmomin da Word ya tanada bai ƙara sakin takarda tsirara ba. Sanarwar taron wata-wata, sirri. Jerin waɗanda suka ba da gudummawar sunan ɗiyar masinja, sirri. Takardar da ke roƙon ma'aikata su daina alwala a bakin ƙofar akanta, ita ma sirri ce, kuma da hannunsa zai kafa ta a allon sanarwa da ƙusa huɗu. In ka ce, "Yallaɓai, ai wannan ta kowa da kowa ce," sai ya zare tabarau ya sanar da kai cewa aikin ofis ba wasan yara ba ne. Abin da ya jawo shi ne kalmar ta rasa kwarjini. Ran da takardar sirri ta gaskiya ta fito, wadda za a ladabtar da wani babba da ita, a tsaye masinja ya karance ta a baranda, bayan kwana biyu kuma aka ƙunso wa wani ƙosai a cikin kwafinta.

Maƙwabcinsa a ofis, Malam Ba-a-kammala-ba, ya fi shi wayo nesa ba kusa ba. Shi DRAFT ce garkuwarsa. Zai rubuta rahoto, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya aika wa shugaba, kalmar tana nan kwance a baya. In rahoton ya yi farin jini, nasa ne. In ya tayar da ƙura, sai ya rusuna: "Ranka ya daɗe, ai daftari ne, ga shi ma a rubuce." Akwai masu kaiwa ga ritaya ba su taɓa fitar da takardar da za a kama su da ita ba. Ɗalibar da ta manta ba ta cire tata ba kuwa, kada a haɗa ta da shi. Ita tsautsayi ne. Ta buga kundin digirinta kwafi huɗu, an yi masa bango mai tauri da rubutun ruwan zinare, sai a gaban malamin da ke duba ta ta ga DRAFT tana yi mata murmushi tun daga shafin godiya har shafin ƙarshe.

Sai Hajiya mai makaranta. Allah Ya ba ta makarantar kuɗi, Ya kuma ba ta tambari: littafi a buɗe, fitila, alƙalami, bishiyar dabino biyu, da taken makaranta cikin harsuna uku. Kuɗi ta biya aka zana mata, don haka ba ta ga dalilin ɓoye shi ba. Idan ka zaɓi hoto a matsayin wotamak, Word da kansa yake sa alama a wani ɗan akwati mai suna Washout, wanda ke wanke launin hoton ya koɗe. Hajiya ta tsani akwatin nan.

"Ɗana, wannan ai sai a ce kunyar makarantar muke ji. Fito min da shi sosai."

Yaro ya cire alamar. Ta leƙa ta ce ya yi ƙanƙanta. A jerin girma akwai 50 da 100 da 150 da 200 har 500 cikin ɗari, kuma ba sai na faɗi wanda take nunawa da yatsa ba. A fuskar kwamfuta abin gwanin sha'awa. Sai dai takardar jarrabawa ce, kuma ba da firinta mai kala za a buga ta ba. Kwafi ɗaya za a fitar baƙi da fari, a miƙa wa injin fotokwafin da ya ga jiya ya ga yau. Shi kuwa tsohon inji ba ruwansa da launin toka: ko ya haɗiye shi gaba ɗaya, ko ya mayar da shi baƙi ƙirin. Ranar jarrabawa ɗan aji huɗu zai ɗaga hannu: "Anti, tambaya ta uku, bakwai ne ko ɗaya? Dabino ya rufe." Ƙarshen zango kuma ka ji Hajiya tana faɗa, wai tawadar yanzu ba ta da albarka.

Wanda ni ya fi ba ni tausayi shi ne Mafarauci. An turo masa fayil da SAMPLE a baya, yana so ya cire. Ya kai maus kan kalmar ya danna, ba ta kamu ba. Ya ƙara dannawa da ƙarfi, don a ganinsa taurin kai take yi. Ya ja, sakin layi guda ya haskaka, ya buga Delete, rubutun da ya sha wuya a kansa ya tafi, SAMPLE tana nan daram. Daga nan zargi ya fara. Bairos ne. A'a, wanda ya turo ne ya kulle. A'a, wannan Word ɗin ba orijina ba ne. Wani har a'uziyya yake yi a hankali kada na kusa ya ji.

Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne wotamak ba ya zama inda ake ganinsa. Kamar akuya yake, tana kiwo a tsakar gida amma turkenta yana zaure. A tsakiyar shafi yake bayyana, a goshin shafi yake ɗaure, wurin nan na can sama da ake sa sunan ofis ko lambar shafi. Shi ya sa yake maimaita kansa a kowane shafi ba tare da an roƙe shi ba. Ka danna sau biyu a saman takardar, goshin ya buɗe, sai kalmar da ta gagari kowa ta miƙa wuya: ka ja ta, ka rage ta, ka juya ta, ka share ta. Amma ko Mafarauci ya gano wannan, farauta ba ta ƙare ba. Doguwar takarda takan kasu sassa, kowane sashe yana iya samun goshinsa daban, in kuma an zaɓi Different First Page to shafin farko ma nasa daban ne. Sai bawan Allah ya danna Remove Watermark, ya ga shafi na ɗaya fes, ya yi hamdala, ya aika. SAMPLE kuwa tana laɓe daga babi na uku zuwa ƙarshe. Ɗan'uwansa mai son sakawa shi ma wuyar da yake sha ke nan ta ɗaya gefen: tambari ya fito ko'ina ban da shafin farko, ko ya shige ƙarƙashin jadawalin da aka cika da launi, sai kai da ƙafa ake gani.

Akwai kuma Jarumi, wanda bai taɓa jin labarin maɓallin ba, bai kuma tambayi kowa ba. Akwatin rubutu yake zanawa, ya rubuta kalmar, ya karkata ta da hannu, ya kwafa ya liƙa shafi bayan shafi har arba'in, babu biyu da suka karkata iri ɗaya. Da shugaba ya ce a ƙara layi uku a shafi na biyu sai akwatunan su yi hijira, wani shafi ya samu biyu, wani ya tashi a tutar babu. Ba ya ƙorafi. Yakan ce aikin kwamfuta haƙuri yake so.

Dakta mai handawut shi kuma imaninsa da DO NOT COPY ya kai inda yake zaton injin fotokwafi yana jin Turanci. Ya jibga ta da jar kala a kowane shafi. Kafin la'asar kwafi sun cika aji daga shagon bayan ɗakin karatu, kowanne ɗauke da gargaɗin tsaf, ko harafi bai ɓace ba. In kuwa fayil ɗin Word ya tura wa wakilin aji, dannawa biyu ta raba shi da gargaɗin. Wanda ya ɗan waye yakan mayar da shi PDF, ya ƙara wa ɓarawo wahalar 'yan mintoci. Ban ce duka ba, amma a cikin irin su Dakta akwai wanda in ka ɗauki jimla ɗaya daga handawut ɗinsa ka zuba wa Google, za a nuna maka gidan da aka ɗauko ta. Gargaɗin ne kaɗai nasa na kansa.

Magaji ba ya sa tambari, gadonsa yake yi. Takardar neman aiki ta aboki ya karɓa, ya canza suna da ranar haihuwa, bai lura sunan abokin yana kwance a baya da manyan baƙaƙe ba. Mai neman kansila kuwa fuskarsa ce tambari. Hula a karkace, murmushi har kunne, an shimfiɗa shi a bayan manufofinsa goma. Alƙawarin rijiyar burtsatse ya ratsa ta goshinsa, na gyaran kwalbati ya bi ta hanci, sa hannu ya faɗo daidai kan haƙora. 'Yan kwamitinsa ba su ga aibu a nan ba. Abin da ya raba kansu har aka ɗage zama shi ne ko taken tafiyar ya kwanta a karkace ko a miƙe.

Duk cikinsu mutum ɗaya ne yake da hujja daga tarihi, shi ne Baba mai ɗaga takarda. Ka miƙa masa wasiƙa, kafin ya karanta sai ya ɗaga ta sama ya saita ta da hasken taga. Matasa suna dariya, amma Baba gado ya yi. Asalin wannan alama ba da tawada ake yin ta ba. A garin Fabriano na Italiya, wajen shekarar 1282, masu yin takarda suka fara ɗinka 'yar waya mai siffa a jikin rariyar da suke ɗebo kullun takarda da ita. Inda wayar ta taɓa sai takardar ta fi siranta, in an ɗaga a haske siffar ta bayyana. Irin wannan takarda ce ta riƙa ƙetaro Sahara ta Tarabulus har kasuwar Kano, mai jinjirin wata uku a jere, wadda gidaje irin na Galvani a yankin Pordenone suke yi don kasuwannin Musulmi. Barth, Bajamushen nan da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya lissafa ta cikin hajar da ya tarar. A kanta malamanmu suka kwafi littattafai masu yawa, kuma har yau masu nazarin tsofaffin rubuce-rubuce irin waɗanda ke ajiye a Arewa House a Kaduna sukan ɗaga shafi su dubi alamar don su kintaci zamanin takardar. Naira ɗari biyar da ke aljihunka ma tana da nata hoton a cikin jiki, ka ɗaga ka gani.

Inda lissafin Baba ya karkace shi ne zaton na kwamfuta ma haka yake. Na da sai mai masana'anta. Na yanzu duk yaron da ya iya riƙe maus. Jikansa ya kawo masa takardar ɗaukar aiki da wani ya sayar masa, Baba ya hangi mikiya da dawaki biyu dishi-dishi a baya, ya gyaɗa kai: "Alhamdu lillahi, wannan daga Abuja take." Daga shagon bayan tasha take, hoton kuwa daga intanet aka sauko da shi.

Jikokin nasa su ba su ma san suna ɗauke da tambari ba. Shaidar haihuwa, sakamakon jarrabawa, takardar fili, duk sun bi ta waya, kowace da sunan CamScanner a gindinta saboda manhajar ta kyauta ce. Akwai wanda hoton fasfo ya aika da sunan Tecno a kusurwa. Talla suke yi wa kamfani ba ko sisi. Google Docs, da ya daɗe ba shi da wannan maɓalli, ya kawo na hoto a 2021, na rubutu a 2022, don kada wani ya ce an bar shi a baya.

Shi kuwa yaron shago, wanda duk waɗannan suke kwararowa gabansa, ya san komai, ya kuma san da sanin yake cin abinci. Batun goshin shafi tun yana ɗan koyo ya haddace shi. Amma in Mafarauci ya shigo gumi sharkaf, fulash a hannu, ba zai danna sau biyu a gabansa ba. Zai dubi allon, ya ja tsaki, ya girgiza kai.

"Kai, Oga, wanda ya sa wannan ƙwararre ne. Sai dai in gwada."

"Taimaka, ƙanena, gobe za a miƙa."

Ya karkatar da allon gefe, ya buɗe wasu tagogi da ba ruwansu da aikin, ya rufe, ya amsa waya, ya aiki ƙaninsa sayen fiyawata. Can sai ya juyo da allon, shafi fes, har babi na uku. Mafarauci ya biya, ya ɗora tukwici, ya fita yana sa albarka. Bai san cewa daga wannan kwamfutar fayil ɗin ya fita makon jiya ba, kuma yaron ne da hannunsa ya kwantar da SAMPLE ɗin, saboda wanda ya ba da aikin bai cika kuɗi ba.