Yadda Za Ka Binciko Asalin Gidanku a Birnin Kano Ba Tare da Ka Ɓata da Dangi Ba

Kusan kowane gida a cikin badala yana da kakan da ya zo daga wani wuri. Sai dai da wuya ka ji wanda kakansa ya shigo ta Ƙofar Ruwa a ƙafa, da fartanya a kafaɗa. Kowa nasa a kan raƙumi ya iso daga Gabas, da mangalar littattafai. In kana son sanin naka na gaskiya, ga hanya, kuma ka hanzarta, domin masu labarin suna ta ƙarewa.

Na farko, fara da tsofaffin mata. Maza sun san wanda ya yi sarauta, mata kuwa sun san wanda ya auri wa, da wanda aka yaye a gidan wa. Ka sayi goro fari da turare, ka je bayan la'asar, ka kunna rikodar wayarka. Kada ka yi mamaki in rabin sa'ar farko ta tafi a tsiyar kaka da jika.

"Maigidan, yau kuma da me ka zo? Ko kishiya za ka yi mini?"

"Hajiya, sunan mahaifin Malam nake nema."

"Kai, tashi ka ba ni wuri! Sunan surukina zan kama da bakina?"

Alkunya ce, kuma ba ka isa ka kayar da ita ba. Ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari. Dabarar ita ce ka lissafo sunaye ɗaya bayan ɗaya, inda ta sunkuyar da kai tana gyara lulluɓi, nan ka tsaya ka rubuta. Sannan ka je wurin gwaggo ka tabbatar.

Na biyu, ka raba Garba da Garba. A gida ɗaya za ka tarar da Abubakar, da Garba, da Habu, da Buba, ka ɗauka mutum huɗu ne, ashe mutum ɗaya ne da ya daɗe a duniya. Can kuma ka tarar da Abba uku, kowanne an sa masa sunan kakansa ne aka ɓoye. Saboda haka kowane suna ka haɗa shi da na uwarsa da sana'arsa: Garba na Hajiya Kande, marini, Garba na Inna Talatu, mai zuwa Gwanja fataucin goro.

Na uku, kada ka tambayi tsohuwa shekara. Tambaye ta wane sarki ne a kan gado. Turawa sun ci Kano a 1903, Sarki Abbas ya yi mulki daga nan zuwa 1919, Sarki Usman zuwa 1926, Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, zuwa 1953, sai Sarki Sanusi zuwa 1963. In aka ce kakanka ya gudo ne lokacin Basasa, rikicin Tukur da Alu ake nufi, wanda ya ɓarke a 1893. In aka ce an yi bikin gwaggo shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, 1956 ke nan. In kuwa da fam da sule aka biya sadakinta, to kafin 1973 ne, ko da ta rantse ita yarinya ce.

Na huɗu, saurari unguwarku. Wangarawa daga Mali, waɗanda Tarihin Kano ya ce sun zo zamanin Sarki Yaji, ana danganta su da Madabo da Mandawari. Sharifai suna kai salsalarsu ga Shehu Magili, baƙon Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Larabawan Gadamus da Tarabulus sun zauna a Dandalin Turawa, Yarbawa a Ayagi, Nufawa a Tudun Nufawa, Barebari a Zangon Barebari. Agalawa, dangin Alhassan Ɗantata wanda aka haifa a Bebeji, asalinsu daga wajen Azbin yake. Amma a kiyaye: zama a Sharifai ba ya mai da mutum Sharifi. Wataƙila kakanka almajiri ne da aka ba shi ɗaki a soro, ya nuna hali nagari, aka ba shi 'ya.

Na biyar, duba fuska, ka kuma lura da wanda yake tsokanarku. Ɗauko tsohon hoton kakanka ka kai wa dattijon wanzami, ya karanta maka tsagar. Wanzamin gado ya san zanen Barebari da na Gobirawa tun daga nesa. In kuma ka ga duk Bafulatanin da ya shigo gidanku sai ya ce wa baffanka "bawana", shi kuma ya rama har da ƙari, to akwai jinin Barno a gidan. Wasan Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zazzagawa, yakan tuna abin da mutanen gida suka manta.

Na shida, bi gonar. Yawancin gidajen birni suna da gona a bayan gari, kuma inda gonar take sau da yawa nan kaka ya fara sauka. Sai dai wannan mataki yana da hatsari. Da ka ce "Baffa, gonar nan ta Kumbotso wa ya fara nomanta?" za ka ga ya gyara zama, ya tura hula ƙeya, domin ya ɗauka rabon gado ka zo tayarwa. Ka fara da rantsuwa cewa ko kunya ɗaya ba ka nema. Sai ya saki jiki ya buɗe adaka. A ciki za ka iya samun takardar gado ta kotun alƙali, da rasidin haraji, da wasiƙar ajami wadda gara ta cinye gefenta, da tsohon Alƙur'ani a gafaka wanda wani malami ya rubuta ranakun haihuwa a bayansa. Ɗauki hoton kowace takarda a gabansa, ka mayar masa. Wanda ya ce "bari in je in dawo da ita" shi ya ja wa na baya aka daina buɗe adaka. Daga nan ka leƙa Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, in hali ya yi ka je ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, inda rahotannin harajin gundumomi na zamanin Turawa suke.

Na bakwai, abin da ka samu, rubuta shi yadda yake. Jikokin manoman Ailan, waɗanda yunwar dankali ta kora Amurka daga 1845, har yau suna bin coci-coci suna neman sunan kakan da ya tsere da tsumma a jiki, duk da gobarar 1922 ta cinye ɗimbin takardunsu a Dublin, kuma suna alfahari da shi. Kai ma wataƙila ka tarar fari ne ya koro naka daga Damagaram. Wataƙila ɗan cirani ne da gyaɗa da jirgin ƙasa suka jawo. Wataƙila ma a rinji ya yi rayuwarsa, irin na Fanisau ko Ɗorayi, yana noma gonar da ba tasa ba. Kada ka goge shi ka ɗora Balarabe a gurbinsa. Guminsa ne ya zama tuwon da ya raini gidanku, ya cancanci a san sunansa a yi masa addu'a.

In ka gama, sa sunayen mata daidai da na maza, ka buga kwafi da yawa, ka raba ranar taron zumunci na bayan Salla. Za a yi gardama, gwaggo za ta ce ka tsallake reshensu, baffa zai ce a dawo da raƙumin. Bar su su yi, kai dai riƙe biro, domin a cikin gardamar nan sauran sunayen da ka rasa za su fito.