Bazazzagi da Likitan Cikin Waya

Malam Bazazzagi, bawan Kanawa, labari ya iso mana har Kurmi cewa damuwa da rashin barci sun sa ka nemi likitan ƙwaƙwalwa. A nan kam na jinjina maka, duk da yabon Bazazzagi asara ce. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, likitocin wannan fanni ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, wanda ya samu ɗaya ai sai ya riƙe da kyau.

Dalilinka na zaɓar ganawa ta waya ne ya kusa kashe ni da dariya. Ga asibitin Shika a bakin ƙofarka, ga na Barnawa nan Kaduna, amma wai kada a gan ka a layin yankar kati a ce Malam ya taɓu. To, ina kake yin ganawar sirrin? Ka fara a zaure, almajiri ya kwaɗa sallama. Ka koma ɗaka, uwargida ta tsaya bayan labule da tsintsiya, wai shara take yi. Yanzu an ce mota kake shigewa da tsakar rana, ka zuge gilashi, gumi na tsiyaya, yaran unguwa na leƙe. Abin da ka ɓoye wa mai gadin asibiti, ga shi mai shayin layinku ya haddace.

Ba raina wayar nake yi ba. Tun kullen korona a 2020 ta samu karɓuwa, bincike kuma ya nuna cewa ga matsakaiciyar damuwa da fargaba, zaman bidiyo na yin aiki kusan daidai da na ido da ido. Ga ragin kuɗin mota, mu kuwa Kanawa ba ma wasa da wannan. Sai dai likita daga hula zuwa haɓa kawai yake ganin ka. Na san halinka: ka kafa zanna, ka gyara murya, ka yi ta zuba masa Turancin Samaru. Ƙafar da ke karkarwa ƙarƙashin sitiyari fa? Ramar da babbar riga ta rufe fa? Ranar da ka daure ka kai kan abin da ke cin ranka, sabis ya ɗauke, hotonka ya daskare baki buɗe, bawan Allah yana ta "Malam, kana ji na?"

Wanda ya fara jin muryoyi, ko tunanin halaka kansa, ba zancen waya ba ne, a kai shi asibiti a ranar. Kai ma ka je ko sau ɗaya a duba ka gaba ɗayanka, sauran ku ƙarasa a waya. Dokar mahaukata ta 1958 ma an maye gurbinta tun 2023, kai kaɗai ka rage a can baya.

In idon 'yan Zariya kake kunya, taho in raka ka Dawanau. Asibiti da kasuwar hatsi duk suna nan. Kowa ya gan ka, ka ce farashin masara ka zo tambaya. Kuɗin mota dai kai za ka biya, har da nawa.